Babi na Huɗu: Yadda Ake Ladabtar da Iska a Bindigar Fenti

Kafin a busa usur a duk filin wasan harbin fenti da ya amsa sunansa, akwai ɗan layin da kowane ɗan wasa sai ya bi. A ƙarshen layin alƙalin wasa ne tsaye, riƙe da wata 'yar na'urar auna gudu. Ɗan wasa zai ɗora bakin bindigarsa a kanta, ya saita wajen raga, ya ja kunama sau uku. Kowane harbi sai lamba ta fito a fuskar na'urar: 283, 281, 285. Alƙali ya gyaɗa kai, mutum ya wuce. Na bayansa ya matso: 270, 312, 288. Wannan kam ba shi ba fili, sai ya koma rumfa ya duba bindigarsa.

Lambobin nan gudun ƙwallon fenti ne, wato ƙafa nawa take ci a sakan ɗaya. Iyakar da akasarin filaye da gasanni suka amince da ita ƙafa 300 ce, kimanin mita 91, kuma da yawa sukan rage ta zuwa 280 ko 285 don kada kuskure ya kai ga ketare iyaka. A Jamus abin ya fi haka tsauri, domin doka ta ɗaure ƙarfin irin waɗannan bindigogi a jul 7.5, wanda ke kamawa kimanin ƙafa 214 a sakan. Ba tsoro ne kawai ya kawo wannan ba. Ƙarfin bugu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, tsalle yake yi ya wuce shi: a ƙara gudun da kashi 10 cikin 100, sai ƙarfin da zai sauka a jikin mutum ya ƙaru da kashi 21. Gilashin kare fuska kuwa an gwada shi ne bisa wata iyaka, ba bisa duk abin da bindiga ta ga dama ba.

Amma abin lura a layin nan ba iyakar ba ce. Lambobin mutum na farko tazararsu 4 ce kacal, na biyun kuwa 42. Sau da yawa silar wannan bambanci ba tsadar bindiga ba ce, ba kuma tsawon bututunta ba. Wani guntun ƙarfe ne da ke ɗaure a wuyan tulun iska, da wani ɗan'uwansa a cikin mariƙin gaba, irin na'urar nan da masu sayar da gas ɗin girki ke kira ragileta.

Dalilin da ya sa take da wannan matsayi yana cikin ƙwallon kanta. Ƙwallon fenti ba harsashi ba ce. Faɗinta kashi 68 cikin 100 na inci ne, kimanin milimita 17, nauyinta kuma giram 3 ko ɗan sama da haka. Ɓawonta na jelatin ne irin na ƙwayar magani mai ruwa a ciki, kuma ba mamaki, tun da kamfanin haɗa magunguna na R.P. Scherer ne ya fara yin ta da injinansa. Bututun bindigar sumul yake, ba shi da zanen da ke juya harsashi ya miƙar da shi. Saboda haka abu ɗaya tak ya rage a hannun maƙeri, shi ne ya tabbatar kowace ƙwallo ta fita da gudun ta gabanta. Ko an ajiye batun turjiyar iska gefe, ƙwallon da ta fita da mita 91 a sakan za ta sauka ƙasa da kusan santimita 53 kafin ta ci mita 30, wadda ta fita da mita 80 kuwa za ta sauka da santimita 69. Santimita 16 ɗin nan da ke tsakani su ne bambancin samun goshin abokin hamayya da samun shingen da ya laɓe a bayansa.

Ba don wasa aka ƙirƙiri wannan bindiga ba. Kamfanin fenti na Nelson da ke jihar Michigan a Amurka ne ya nemi hanyar da ma'aikatan gandun daji za su yi wa bishiya alama daga nesa, masu kiwo kuma su shaida saniya ba sai sun kama ta ba. Kamfanin Daisy ya ƙera masa Nel-Spot 007 a farkon shekarun 1970. A watan Yunin 1981 mutum 12 suka shiga wani daji a Henniker ta jihar New Hampshire, kowa da irin wannan bindiga, don raba gardamar da Charles Gaines da Hayes Noel suka daɗe suna tafkawa: shin ɗan birni mai wayon kasuwa zai iya kai labari a daji kamar wanda ya tashi a cikinsa? Bob Gurnsey ne ya tsara dokokin. Wanda ya yi nasara, Ritchie White, ma'aikacin gandun daji ne, kuma har aka tashi bai harba ko ɗaya ba.

Bindigogin ranar ba su da ragileta, kuma ba su buƙace ta ba. Abin da ke tura ƙwallon wata 'yar kwalbar ƙarfe ce mai giram 12 na iskar CO2, wadda da ƙyar take kai harbi 30. Ita CO2 tana da wata baiwa. Idan aka matse ta a tulu sai ta zama ruwa a ƙasa, tururinta ya taru a sama, kamar yadda ake jin motsin ruwa in an girgiza tukunyar gas ɗin girki. Duk harbin da ya ɗebi tururi, sai ruwan ya ɗan tafasa ya mayar da gurbinsa. Muddin akwai sauran ruwa, matsin cikin tulu bai damu da ko tulun cike yake ko saura kwata ba. A zafin digiri 21 na ma'aunin Salshiyas yana tsayawa ne a kusan psi 850. Psi shi ne ma'aunin da ke jikin agogon mai faci, yana nuna laba nawa ke danna kowane inci murabba'i, kuma tayar ƙaramar mota ba ta wuce 32 ko 35. A taƙaice CO2 ta bai wa maƙeran farko daidaiton matsi kyauta. A kan wannan kyauta kamfanin Tippmann na Fort Wayne a jihar Indiana ya gina Model 98, wadda ta fito a 1998 kuma har yau ita da 'yan'uwanta ne ake yawan bayarwa haya a filaye: iska daga tulu kai tsaye zuwa bawul, ba mai shiga tsakani.

Sai dai kyautar da sharaɗi ta zo. Matsin bai damu da yawan ruwa ba, amma ya damu ƙwarai da zafi. A digiri 0 yakan faɗo zuwa kusan psi 500, a digiri 30 kuma ya haura 1,000. Bindigar da aka saita da sanyin safiya, kafin azahar ta wuce iyaka ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Sannan tafasar ruwan ma zafi take ci, daga jikin tulun take zuƙo shi. Ɗan wasa ya saki harbi a jere, tulu ya yi sanyi ƙarara har ya yi farin raɓa, matsi ya faɗi, ƙwallaye su fara zubewa a gabansa. In kuma ya sunkuyar da bakin bindiga, ruwan CO2 ɗin kansa ya gangaro cikin bawul, ya kumbura a can, harbi na gaba ya fita da gudun da ba a yi tsammani ba, farin hayaƙi na biye da shi. Sanyin yakan sandarar da zobban roba su fara yoyo.

'Yan wasan shekarun 1980 da 1990 sun yi dabaru iri-iri a kan wannan. An sa lanƙwasasshen bututu a cikin tulu don ya riƙa ɗibar tururin sama kawai. An ƙara wani ɗaki a hanya inda ruwan da ya kuɓuce zai ƙarasa zama tururi. Wasu sun rataya tulun a tsaye a bayansu suka jawo tiyo. Glenn Palmer na Sacramento ya ƙera ragiletarsa mai suna Stabilizer wadda ta yi suna wajen jure wa CO2. Duk sun taimaka, amma ba su taɓa asalin ciwon ba.

Mai karatu a ƙasar Hausa ya kamata ya riƙe lamba ɗaya a nan: digiri 31. Da zarar zafin CO2 ya wuce wannan, babu sauran ruwa a ƙasa da tururi a sama, duka sun zama abu guda, kuma baiwar nan ta daidaita kai ta tafi. Daga nan matsin cikakken tulu yakan hau da sauri da kowane ƙarin zafi. Tulun da aka cika taf, in zafinsa ya kai digiri 49, kamar yadda yake faruwa a motar da aka rufe a rana, matsinsa yakan haura ninki biyu na 850 ɗin nan. Ɗan New Hampshire sai a tsakiyar bazararsu yake ganin digiri 31. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa, watan Afrilu yakan wuce 40 a inuwa.

Maganin da ya yi tasiri ya zo ne a farkon shekarun 1990, kuma sunan da aka fi dangantawa da shi Tom Kaye ne, mai kamfanin Airgun Designs a jihar Illinois. Shi ne ya fitar da Automag a 1990, bindigar da ya gina ragileta a cikin bawul ɗinta tun daga zane, sannan yana cikin na farkon da suka gwada tura ƙwallon fenti da naitirojin maimakon CO2.  Daga naitirojin aka koma iskar da muke shaƙa, tun da kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne kuma kwamfiresa kawai take buƙata.

Iska ba ta zama ruwa a zafin da ɗan Adam ke rayuwa a ciki, komai matsar da aka yi mata. Wannan ya kawar da matsalar sanyi da ta ruwa gaba ɗaya, ya kuma rage tasirin rana: tulun da ya tashi daga digiri 20 zuwa 45, matsinsa ɗan kaɗan ne kawai yake ƙaruwa. Amma ya haifar da wata sabuwa. Tun da ba ta zama ruwa, hanya ɗaya ta tara mai yawa a ƙaramin tulu ita ce a cusa ta da ƙarfin tsiya. Tulun alminiyam yana ɗaukar psi 3,000. Wanda aka naɗe da zaren kabon, irin na 'yan kwana-kwana, yana ɗaukar 4,500, wato ninki 140 na tayar mota, ko kuma nauyin tan 2 a kan fili mai faɗin kan sarki. Babu bawul ɗin bindigar fenti da zai sha wannan ya kwana lafiya. Bugu da ƙari, matsin yana raguwa da kowane harbi. Tulun da aka fi yayi a gasa, mai inci 68 na ciki da psi 4,500, yana ba da harbi wajen 1,000, kuma na farko da na ƙarshe tazarar matsinsu dubbai ce. Ana so su fita da gudu ɗaya. A nan ragileta ta tashi daga kayan ƙawa ta zama tilas.

In aka kwance ta a kan tebur, aikin da ba a yinsa sai tulu ya zama fanko sarai, abin da za a gani bai taka kara ya karya ba. Akwai gangar jiki ta alminiyam ko tagulla, fistin ɗaya mai rami a tsakiyarsa, sifirin, zobban roba biyu ko uku, da wata 'yar roba mai tauri da ba ta kai ƙwayar wake ba. Babu batir, babu waya.

Ga yadda irin da aka fi samu a wuyan tulu take aiki. Ƙasan fistin siriri ne, a bakinsa aka dasa robar nan mai tauri, tana fuskantar wata 'yar ƙofa da iskar tulu ke fitowa ta cikinta. Saman fistin kuwa faffaɗa ne. Sifirin yana zaune ƙarƙashin faffaɗan kan yana tura shi sama, wato yana nesanta roba daga ƙofa. Don haka idan babu iska a sama, ƙofa a buɗe take. Iska ta fito daga tulu, ta bi ramin cikin fistin, ta hau ɗan ɗakin da ke samansa ta fara taruwa. Tana taruwa tana danna faffaɗan kan ƙasa. Kokawa ke nan ta kaure: sifirin na ɗagawa, iskar ɗaki na dannewa. Daidai lokacin da iskar ɗaki ta rinjaya, fistin ya sauka, roba ta toshe ƙofa, shigowar iska ta tsaya cak. Aka ja kunama, bindiga ta kwashi iskar ɗakin, sifirin ya sake yin sama da fistin, ƙofa ta buɗe, ɗaki ya cika, ƙofa ta rufe. Duk wannan cikin ɗan yanki na sakan, kuma a gasar da ake harba ƙwallo 10 a sakan ɗaya, sau 10 ke nan.

Tambayar da ke zuwa wa kowa a nan ita ce, ta yaya iska mai psi 800 za ta rufe ƙofa a fuskar mai 4,500? Sirrin yana cikin faɗi. Ƙarfin turi shi ne matsi sau faɗin wurin da yake dannawa. A ƙaddara faffaɗan kan fistin rabin inci murabba'i ne, 'yar ƙofar kuma kashi 1 cikin 100 na inci murabba'i. Iskar tulu, duk da 4,500 ɗinta, laba 45 kawai take iya turawa ta wannan 'yar kafa. Iskar ɗaki mai 800 kuwa tana danna laba 400, kimanin kilo 180, domin ta samu fili. Ragowar laba 355 sifirin ne ke riƙe da su. Ashe sifirin ne ke yanke hukuncin inda matsi zai tsaya: a ƙara masa tauri matsi ya hau, a sassauta shi ya sauka.

Sifirin da zai riƙe nauyin buhun hatsi fiye da guda a wurin da bai wuce kan yatsa ba, ba kowane ba ne. Shi ya sa ragileta da yawa ba sa amfani da mai murɗe-murɗe, sai jerin wasu washoshin ƙarfe masu ɗan zurfi da ake jerawa fuska da fuska, baya da baya. Julien Belleville, wani injiniya Bafaranshe, shi ya yi musu rajista a 1867, kuma sunansa suke amsawa har yau. Wanda ya kwance su ya manta yadda suke a jere, ya mayar da su yadda ya ga dama, ya canza taurin sifirin ke nan bai sani ba. Wasu kamfanonin, kamar Ninja, sun mayar da abin dabara: suna sa wasu siraran faranti ƙarƙashin sifirin, mai tulu ya cire ɗaya ko biyu ya sauko da matsi daga wajen 800 zuwa wajen 450. Akwai kuma wani ɗan rami a gefen gangar jikin da ke haɗa ɗakin sifirin da iskar waje. Ba kuskuren maƙera ba ne. In ba shi, iskar da ta ɓuya a wurin za ta haɗa kai da sifirin ta ɓata lissafi. Duk ranar da aka ji tsaki na fita ta wannan rami, zoben robar fistin ne ya mutu.

Lissafin nan na sama ya kuma tona wani rauni. Laba 45 ɗin da iskar tulu ke turawa tana taimakon sifirin ne, kuma ba ta dawwama. Idan tulu ya sauko zuwa psi 1,000, taimakon ya koma laba 10. Jimillar abin da iskar ɗaki za ta rinjaya ya zama 365 maimakon 400, sai ƙofa ta riƙa rufewa a psi 730. Tulu ya faɗi da 3,500, abin da ke fita ya faɗi da 70. Ba laifi, amma 70 ya isa a gani a na'urar auna gudu. A wasu ƙirar juyin akasin haka yake, matsin fita hawa yake yi yayin da tulu ke ƙarewa. Masu tsada sukan zo da fasalin da iskar tulu ke danna ɓangarori biyu daidai wa daida har ta soke kanta.

Hanya mafi sauƙi dai ita ce a ƙara ragileta ta biyu. Ita ce ke cikin mariƙin gaba na yawancin bindigogin gasa. Tana karɓar 800 ko 450 daga ta tulu ta sauko da shi zuwa abin da bindigar ke so. In ita ma rabonta 1 cikin 50 ne, juyin 70 ɗin nan zai koma ƙasa da psi 2. Masu nutso a teku sun riga 'yan wasan fenti sanin wannan hawa biyu. Na'urar numfashin da Émile Gagnan da Jacques Cousteau suka haɗa a Faransa a 1943 ta samo asali ne daga wata ragileta da Gagnan ya ƙera don motoci su yi tafiya da gas lokacin da yaƙi ya sa fetur ya yi wuya. Har yau ƙananan filayen wasan fenti da yawa daga tulun masu nutso suke cika nasu.

A bindigar fenti, ragileta ta biyun ce ɗan wasa ke taɓawa. A gindinta akwai sukuru da ake juyawa da ƙaramin makulli mai kusurwa shida, kuma da shi ake saita gudun ƙwallo. Akwai tarko a nan da ke kama sababbi. In za a ƙara matsi, ana juyawa abin yake hawa nan take. In za a rage kuwa, iskar da ta riga ta wuce ƙofa tana nan a ɗaki da tsohon ƙarfinta, ba ta da hanyar komawa. Sai an harba sau biyu ko uku an zubar da ita kafin sabon saiti ya bayyana. Wanda bai san haka ba yakan ta murɗa sukuru yana cewa ba ya ji, har ya niƙa robar a bakin ƙofa.

Wasu bindigogin ma ragileta uku gare su. Autococker, wadda Bud Orr ya fitar a Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1980, tana da 'yar ragileta a goshinta da ke ba da ƙasa da psi 100, aikinta kawai ta tura sandar da ke ja da mayar da sassan ciki bayan kowane harbi. Iskar harbi daban, iskar hidima daban. Da bindigogi masu lantarki suka shigo a tsakiyar shekarun 1990, Shocker a Amurka da Angel ta kamfanin WDP a Birmingham ta Ingila, buƙatar ta ƙara tsananta. Ƙananan bawul masu aiki da maganaɗisun lantarki da ke cikinsu daga masana'antu aka aro su, an yi su ne don matsi kaɗan, kuma ruwan CO2 ko matsin da ya wuce kima yana kashe su nan take.

Daga nan maƙera suka yi ta gangarowa. Manyan bindigogin gasa na yau, irin na Planet Eclipse da ke Manchester da na Dye da ke San Diego, suna aiki ne tsakanin psi 100 da 200. Maimakon ɗan ƙaramin bugu mai zafi, sai a saki iska mai yawa a hankali, ta raka ƙwallon cikin bututu. Amfanin a fili yake: ƙara ta ragu, bindiga ba ta zillo a hannu, kuma ana iya harba ƙwallo mai ɓawo marar ƙwari, wadda ke fashewa da zarar ta taɓa rigar abokin hamayya amma ba ta fashe a cikin bututu ba. Masu talla sun so su mayar da ƙarancin matsi wani abin alfahari, kamar duk wadda ta fi ƙasa ta fi kyau. Ba haka ba ne. Ƙaramin matsi yana buƙatar manyan hanyoyi da ragileta mai saurin cikawa, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba.

Cututtukan ragileta kaɗan ne, kuma kowace tana da alamarta. In ƙwayar yashi ta zauna a kan robar nan mai tauri, ko robar ta tsage, ƙofa ba za ta rufe ruf ba. Iska za ta riƙa silalowa, allurar agogo na hawa a hankali alhali ba a harbi, sai harbin farko bayan an ɗan huta ya fita da mugun gudu. Wannan ita ce mafi haɗari, kuma ƙurar hunturu babbar abokiyarta ce, domin ta bakin cikawa datti ke shiga. 'Yar hular robar da ake rufe bakin da ita, wadda kowa ke yarwa a makon farko, ta fi kayan ado da yawa amfani. In kuma ragileta ba ta cika ɗaki da sauri, harbi ɗai-ɗai zai yi kyau, amma a jere sai kowace ƙwallo ta gaza ta gabanta. In giris ya bushe fistin ya riƙa maƙalewa, lambobi za su yi ta tsalle ba tsari.

Da yake kowace na'ura tana iya cin amana, an dasa wa ragiletar tulu wasu 'yan fayafayan ƙarfe biyu da aka yi su don su fashe. Ɗaya yana ɓangaren tulu: mai 5,000 a tulun 3,000, mai 7,500 a tulun 4,500. Ɗayan yana ɓangaren fita, yana fashewa a 1,800, don in ƙofa ta ƙi rufewa iska ta fice waje maimakon ta afka cikin bindiga. Faifan da ya fashe ba shi ne matsalar ba, ya yi aikinsa ne. Wanda ya toshe gurbinsa da noti, ko ya sa mai lamba mafi girma don kada ya sake damunsa, ya cire abin da ke tsakaninsa da asibiti.

Haka kuma ba a ɗiga mai ko man inji a bakin cikawa, ko da yana yoyo. Iskar da ke shiga da matsin dubbai tana zafafa nan take, kuma mai a cikin iska mai zafi da matsi kamawa yake yi da kansa, kamar yadda injin dizal ke tashi ba tare da fulogi ba. Wannan zafin ne kuma ke sa tulun da aka cika da gaggawa ya nuna 4,500 a wurin cikawa, bayan mintuna kaɗan ya huce ya sauko. Ba cuta aka yi wa mai shi ba. Wajen kwance tulu daga bindiga ma akwai abin kiyayewa. A 2004 hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan mutuwar mutum biyu, inda tulun CO2 ya kwance daga bawul ɗinsa maimakon bawul ya kwance daga bindiga, tulun ya tashi da ƙarfin iskar cikinsa. Shi ya sa ake ja layin fenti daga bawul zuwa wuyan tulu: in layin ya rabu yayin juyawa, a tsaya nan take.

Shi kansa tulun yana da wa'adi, kuma a rubuce yake a jikinsa. Bisa ƙa'idar Amurka, wadda tuluna da yawa da ke yawo a duniya ke ɗauke da tambarinta, akasarinsu ana kai su gwajin matsi da ruwa duk shekara 5, kuma yawancin masu zaren kabon shekara 15 ce iyakarsu daga watan da aka ƙera su, ko da ba su da ko ƙwarzane. Kayan wasan nan da dama da hannu na biyu suke isowa Afirka ta Yamma, kuma wuraren yin irin wannan gwaji ba su da yawa. Duk mai shirin buɗe fili a Abuja, Kano ko Kaduna, ko mai sayen bindigar kansa, ya fara da juya tulun ya karanta wata da shekarar da ke jikinsa kafin ya tambayi farashi. In kuma aka ba shi zaɓi tsakanin CO2 da matsattsiyar iska, a ƙasar da zafi ke wuce digiri 31 a yawancin ranakun shekara, ya ɗauki iska da ragiletarta, ko da kuɗin kwamfiresa zai ɗan ciji aljihu.